Kalanda Mai Ɓullowa a Fom ɗin Rumbun Bayanai: Tambayoyi da Amsoshi

Mece ce kalanda mai ɓullowa?

Ƙaramar kalanda ce da ke bayyana a gefen gurbin kwanan wata idan mai shigar da bayanai ya danna gurbin ko 'yar alamar da ke kusa da shi. Maimakon ya rubuta lambobi, sai ya zaɓi ranar da yake so, manhajar ta cike gurbin da kanta, kalandar kuma ta ɓace.

Wace matsala ce take magancewa, tunda kowa ya iya rubuta kwanan wata?

Matsalar ita ce ba kowa ke rubuta shi iri ɗaya ba. Idan aka rubuta 03/04/2024, a Amurka ana nufin 4 ga Maris ne, domin su wata suke fara kawowa, amma a Ingila, Faransa, Najeriya da Nijar ana nufin 3 ga Afrilu. Kwamfuta kuwa tana bin tsarin yankin da aka saita mata, saboda haka ma'aikata biyu a ofis ɗaya za su iya buga lambobi guda a kwamfutoci daban-daban, rumbun ya adana ranaku biyu mabambanta ba tare da kowa ya lura ba. Abin da ya fi muni shi ne wannan kuskure yana ɓuya ne a ranakun 1 zuwa 12 na kowane wata, inda lambobin biyu duk za su iya zama wata. Kalanda tana kawar da wannan ruɗani, domin mutum yana ganin sunan watan da idonsa, kuma ba za ta ba shi 31 ga Afrilu ko 29 ga Fabrairun 2023 ba.

Yaya lamarin yake a Microsoft Access?

Access manhaja ce ta kamfanin Microsoft da ake gina rumbun bayanai da ita. A da, masu tsara fom suna dogara ne ga wani ƙarin kayan aiki mai suna MSCAL.OCX, ko kuma su gina ƙaramin fom na musamman da zai yi aikin kalanda. Daga Access 2007 sai aka haɗa kalandar cikin manhajar, ta yadda gurbin da aka ɗaure da filin kwanan wata, wato wurin da rumbun ke adana ranar, yake nuna alamarta kai tsaye, a Access 2010 kuma aka cire tsohon kayan gaba ɗaya. Wannan ne ya sa tsofaffin rumbuna da yawa suka riƙa ba da saƙon matsala bayan an sabunta manhajar. Ya kamata kuma a sani cewa a filin kwanan wata, Access ba rubutu yake adanawa ba, lamba yake adanawa: yawan kwanakin da suka shuɗe tun daga 30 ga Disamba, 1899.

Me ya sa wani lokaci alamar ba ta fitowa?

Ko dai an kashe ta a saitin gurbin, ko filin na rubutu ne ba na kwanan wata ba, ko kuwa an ɗora wa gurbin ƙayyadadden tsarin shigar da lambobi, wanda a Access yake hana kalandar bayyana.

Shin ta dace da kowane irin kwanan wata?

A'a, kuma a nan ne masu tsara fom suka fi yin kuskure. Ta dace da ranakun da ke kusa, kamar ranar ganin likita ko ranar kawo kaya, inda sanin cewa ranar Juma'a ce ko Lahadi yake da amfani. Amma ranar haihuwa daban ce: wanda aka haifa a 1965, idan kalandar wata-wata take komawa baya, sai an danna fiye da sau ɗari bakwai kafin a kai gare shi. Haka nan gogaggen magatakarda da ke shigar da ɗaruruwan takardu a rana, ɗauke hannu daga madannai zuwa linzami ɓata masa lokaci ne. A ganina, bai kamata a taɓa toshe hanyar buga kwanan watan da madannai ba.

To idan an saka ta, an rabu da kuskure ke nan?

Kalanda tana tabbatar da cewa ranar tana nan a cikin shekara, amma ba ta san ko ita ce ranar da ake nufi ba. Dole a kafa ƙa'ida a kan filin kansa, misali ranar haihuwa kada ta wuce yau, ranar sallama daga asibiti kuma kada ta riga ranar kwantarwa.

Ina batun kwanan watan Hijira?

Kalandar kwamfuta lissafi take bi, ko tsari irin na Ummul Ƙura na Saudiyya, alhali a Najeriya ganin wata ne ke tabbatar da farkonsa, bisa sanarwar fadar Sarkin Musulmi, don haka ana iya samun saɓanin kwana guda. Makarantar Islamiyya ko kotun shari'a da ke buƙatar duka biyun, gara ta adana kwanan watan Miladiyya a babban fili, ta ware wa na Hijira fili dabam da za a cike kamar yadda yake a takarda.