Abarba Ba Ta Son Gaggawa

'Yan'uwana manoma, wanda ya taɓa dasa abarba ya san halinta. In tukkun ganyen da ke kan abarbar aka dasa, sai an doshi shekara biyu kafin a yanka. 'Ya'yan gindi sun fi saurin kaiwa. Wannan dogon jira shi ke tura mutane wurin mai sayar da maganin feshi, kuma ni abin yana damuna ƙwarai.

Tun kafin Kolombus, matuƙin jirgin ruwa daga Turai, ya gan ta a tsibirin Guadeloupe a 1493, al'ummomin asali na Kudancin Amurka suke nomanta, ba buhun takin zamani, ba kwalbar feshi. A Kosta Rika kuwa, ƙasar da ta fi kowa fitar da abarba waje, maganin ciyawa na bromacil ya gurɓata ruwan shan ƙauyukan da ke kusa da manyan gonaki, har gwamnati ta haramta shi a 2017. Mata da yara masu ɗiban ruwan nan ba su ci ribar abarbar ba.

Ku yi kunya mai tudu, domin abarba ba ta jure ruwa ya kwanta mata. In zuciyarta ta ruɓe, da ka ja ganyen tsakiya sai ya zare a hannunka yana wari. Kafin dashe, a kife 'ya'yan gindin a rana na 'yan kwanaki, a buɗe gindin ganye a duba. Ka ga wani farin ƙwaro kamar ɓurɓushin auduga? Kada ka dasa wannan. Tururuwa ce ke yawo da shi daga tsiro zuwa tsiro, ganye ya yi ja ya yanƙwane. Busasshiyar ciyawa da aka shimfiɗa tsakanin layuka tana riƙe danshi, ta danne haki, ta ruɓe ta koma taki.

Inda ƙaramin manomi ke gajiya shi ne takardar shaidar noma ba sinadari. Gona takan yi shekara biyu zuwa uku ba feshi kafin a amince da ita, ga kuɗin masu dubawa. Mutum ɗaya ba ya iyawa, amma ƙungiya tana iya karɓar shaida ɗaya a madadin kowa. Masu son taimakawa, don Allah ku tsaya da su a waɗannan shekarun: ku tsayar da farashi tun kafin yanka, ku taimaka musu da takardun mallakar gona, kuma ku bar su da irin abarbar da suka gada.