Gine-ginen zamani: daga baje-kolin duniya zuwa Abuja

Salon ginin zamani mazhaba ce ta masu zanen gine-gine da ta yi ƙarfi a Turai bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya. Ginshiƙinta shi ne amfanin gini ya yanke siffarsa. Kankare da ƙarfe da gilashi ne kayan aikinta, adon bango kuwa aka ajiye shi gefe.

Tarihi

A wuraren baje-koli ne salon ya fara bayyana ga jama'a, domin a can ana barin mai zane ya gwada abin da mai gida ba zai yarda ya biya ba. A 1925 mai zanen gine-gine Le Corbusier ya kafa rumfarsa a baje-kolin Paris. A 1927 aka gina unguwar Weissenhof a Stuttgart ta Jamus don baje-koli, gidaje masu shimfiɗaɗɗen rufi, mafi yawansu farare. Rumfar Jamus da Mies van der Rohe ya zana wa baje-kolin Barcelona na 1929 ita ce ta fi shahara: marmara da gilashi da siraran ginshiƙan ƙarfe, babu ɗaki ko ɗaya da aka rufe ruf. An rushe ta a 1930, amma hotunanta suka ci gaba da koyar da ɗalibai har aka sake gina ta a 1986. Taron masana na 1933, wanda ya haifar da Yarjejeniyar Atina kan tsara birane, ya kasa rayuwar birni gida huɗu: kwana, aiki, hutu da zirga-zirga, kowanne da shiyyarsa.

Tange da Abuja

Kenzo Tange (1913–2005), ɗan Japan mai bin wannan salo, shi ya jagoranci tsara filin baje-kolin Osaka na 1970, wanda sama da mutum miliyan 64 suka ziyarta. Babban dandalinsa na ƙarƙashin wani makeken rufin ƙarfe ne.

Dokar soja mai lamba 6 ta 1976, a zamanin Janar Murtala Muhammad, ta kafa sabon babban birnin tarayya. Kamfanin International Planning Associates ya miƙa babbar taswirar a 1979, sannan aka damƙa wa ofishin Tange tsara tsakiyar birnin, aikin da ya kai wajen farkon shekarun 1980. Ya shimfiɗa dogon zango miƙaƙƙe mai fuskantar Dutsen Aso, ma'aikatu a gefensa, rassan gwamnati uku a ƙarshensa. Tsari ne mai kwarjini ƙwarai, ko da yake ba a gina shi duka yadda aka zana ba. Gwamnati ta tare a birnin ranar 12 ga Disamba 1991.

Suka

Masu suka na cewa tsarin ya fifita mai mota a kan mai tafiya a ƙasa, ya kuma tura ƙananan ma'aikata Nyanya da Mararaba. Batun sake tsugunar da Gbagyi, 'yan asalin yankin, har yau ana taƙaddama a kansa.