Ba Ido Ke Yanke Hukuncin Kyau Ba

Mun saba cewa ido ba mudu ba, ya san kima, har da yawanmu suka ɗauka ido ne ke tantance kyau. Ido ɗan aike ne kawai. Haske yake karɓa, ya miƙa saƙo zuwa ɓangaren ƙwaƙwalwa na wajen ƙeya, inda ake warware launi da siffa.

A 2004, masu binciken ƙwaƙwalwa Semir Zeki da Hideaki Kawabata sun nuna wa mutane zane-zane a Landan, suna ɗaukar hoton ƙwaƙwalwarsu. Idan mutum ya kalli zanen da ya ce ya yi masa kyau, sai wani sashe na gaba, daidai saman idanu, ya ƙara aiki. Shi ne dai sashen da ke motsawa in an ji daɗin abinci ko ƙamshi.

Sabo kuma yana da hannu a ciki sosai, kuma nan ne abin ya fi burge ni. Tsaya a Kasuwar Kurmi ka ga dattijo ya ɗaga babbar riga mai aska takwas, yana bin zaren da yatsa, yana jinjina kai. Baƙon da ke gefensa ɗinki kawai yake gani, alhali lafiyar idanunsu ɗaya. Shekarun da dattijon ya kwashe yana kallon aikin hannu ne suka raba su.