Rushewar kamfani ba ta kashe yarjejeniyar sasanci

A tsakanin ƴan kasuwar Yamai an daɗe ana cewa da zarar an rushe kamfani, duk rikicin da ya shafi hannun jarinsa ya bi ruwa, har da sharaɗin kai gardama gaban masu sasanci, wato mutanen da ɓangarorin biyu suka amince su yanke musu hukunci a maimakon kotu. Wannan fahimta tana sa mutane barin haƙƙinsu a banza, kuma abin yana damuna.

Ka ɗauka Alhaji ya sayar wa abokinsa hannun jarinsa, an biya rabin kuɗi, saura rabi, sai kamfanin ya karye. Cinikin nan tsakanin mutum biyu ne, kamfanin bai sa hannu a takardar ba. Bashin yana nan a wuyan mai saye, masu sasancin da suka amince da su kuma su ne za su yanke hukunci. Nijar tana cikin OHADA, ƙungiyar da ke daidaita dokokin kasuwanci na wasu ƙasashen Afirka, kuma dokar ƙungiyar ta sasanci, wadda aka sabunta a 2017, ta ce sharaɗin sasanci yana tsaye da ƙafarsa ko da an soke ainihin yarjejeniyar.

Inda lamarin yake canzawa shi ne idan kamfanin da kansa ne mai saye ko mai sayarwa. Doka tana ɗaukarsa a raye har a kammala rabon kadarorinsa, sai dai yanzu wanda aka naɗa ya kula da rabon shi ke magana da sunansa. Idan kotun kasuwanci ce ta ayyana karyewar, mai bin bashi ba ya zuwa shi kaɗai ya karɓi kuɗinsa. Dole ya shigar da bashinsa wajen wakilin da kotu ta naɗa kafin wa'adi ya cika, ya jira rabo tare da sauran masu bin bashi.