Duka da kora ba sa sauya ɗan da ke son jinsinsa

A zauren shayi a Agege ko Idi-Araba a Legas, in aka taɓo zancen saurayin da ke son jinsinsa, maganin da ake bayarwa ɗaya ne: a lakaɗa masa duka, a kore shi daga gida, zai dawo hanya. An ɗauka ciwo ne da matsi ke warkarwa. Hukumar Lafiya ta Duniya kuwa ta cire wannan daga jerin cututtukan ƙwaƙwalwa tun 17 ga Mayu, 1990, kuma babu hujjar likitanci da ta nuna tsangwama na sauya wanda zuciya ke so.

Abin da tsangwama ke haifarwa shi ne ɓuya. Tun da Goodluck Jonathan ya sa hannu a dokar hana auren jinsi a Janairun 2014, mai ɗaurin shekara 14, da yawa suka ƙaurace wa asibiti. Mai shan maganin HIV sai ya ɓoye kwalbar a ƙasan jaka, wata rana ya daina karɓowa don kada a gan shi a layi. Ga 'yan damfara da ke yaudarar mai son jinsinsa ta waya, su ƙwace kuɗinsa, sun san ba zai kai ƙara ba.

A Agustan 2018 'yan sanda suka kama maza 57 a wani otal a Egbeda da ke Legas, aka nuna fuskokinsu a talabijin. A Oktoban 2020 kotu ta kori ƙarar, amma kafin nan wasu sun rasa aiki, wasu masu gida sun kore su, wasu danginsu sun juya musu baya. Abin da ya fi ci mini rai shi ne ba a tabbatar da laifi a kan ko ɗayansu ba.