Amsoshin tambayoyin da kuke ta yi mini kan taron 'yan kasuwa

Tun da aka tashi daga taron ƙara wa juna sani na 'yan kasuwa da ƙwararru a nan Kano, tambayoyi iri ɗaya ake ta jefo mini, a Kantin Kwari, a ƙofar masallaci, har a waya. Ga amsoshin wuri guda. Wanda ya sake tambaya, nan zan turo shi.

An raba jari a wurin?

A'a. Taron ilimi ne.

To me aka koyar da ba mu sani ba?

Kun san yawancinsa, aiki da shi ne ba kwa yi. Abin da masu jawabi suka fi nanatawa shi ne a raba kuɗin shago da na aljihu. Mutum ya sayar da bandir biyar na shadda, ya zura hannu a durowa ya ɗauki na cefane, ya ba ɗan'uwa na mota, ya yi gudummawar biki, ko ɗaya bai rubuta ba. Ƙarshen shekara ya ce kasuwa ta mutu. Alhaji, uwar kuɗin ka cinye. Yanka wa kanka albashi, ka tsaya a kansa.

Dole sai na yi rajista da CAC, hukumar rajistar kamfanoni?

E, in dai ba da ainihin sunanka kaɗai kake kasuwanci ba. Kuma dokar kamfanoni ta 2020 ta yarda mutum ɗaya ya buɗe kamfani, don haka uzurin rashin abokin tarayya ya ƙare.

Rubuta bashi ba rashin yarda ba ne?

Wannan tambayar tana ɓata mini rai. Ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, umarni ce a rubuta bashi. Kuma kada ka dogara da littafi ɗaya a cikin shago. Gobarar kasuwar Sabon Gari ta 2016 ba ta bambance kaya da takarda ba. Ɗauki hoton shafukan da wayarka duk Juma'a.

Ɗan yayata ne yaron shagona, lissafi ba ya fita. In sallame shi?

Nan kam ba ni da amsa guda, ko a taron ma an ja zance sosai a kai. Fara da tambayar kanka: ka tabbata sata ce? Sau da yawa maigida ne ke kwasar kuɗi ba ya faɗa, sai a ɗora wa yaro. Ku ƙirga kaya tare, dila-dila, ku rubuta, ku sa hannu ku biyu. Sannan a yi wata biyu ko uku komai na shiga littafi, har abin da kai ka ɗauka. In giɓin ya ɓace, dama matsalar tsari ce.

In bai ɓace ba, duba me kake ba shi. Yaron da ya shekara shida yana buɗe shago tun safe, ba albashi sai kuɗin abinci, ba a taɓa ce masa ga ranar da za a sallame shi da jari ba, wallahi kai ma kana da laifi. Wannan ba ya halatta masa taɓa dukiyarka, amma gyaran daga wajenka zai fara: albashi sananne, ko kaso a riba, da wa'adi a gaban shaidu.

In kuwa an yi duk wannan ya ci gaba, raba shi da durowa. Wani ya fi dacewa a mayar da shi kan kai kaya tasha, wani kuma sai dai a ba shi ɗan jari ya tsaya da ƙafarsa. Ya danganta da halinsa da kuma yadda gidanku yake. Ko wanne ka zaɓa, je ka sami Yaya da kanka kafin labari ya riga ka, ka tafi da littafin, kuma kada ka tozarta shi a gaban 'yan layi. Kwantar da hankalinka, zumunci ya fi lalacewa a wurin da aka yi ta ƙunshe magana a ciki har ta fashe.

Mene ne shugabanci a ɗan shago mai yara biyu?

Ka tafi Umara shago bai tsaya ba. In sai an kira ka kafin a rage naira ɗari biyu a yadi, ba ka koya wa kowa komai ba. Alhassan Ɗantata ya rasu a 1955, amma harkar ba ta bi shi kabari ba, domin ya saka 'ya'yansa a ciki tun yana raye. Shaguna nawa muka gani an rufe kafin a gama rabon gado?

Ni a gida nake sana'a, ya shafe ni?

Ƙwarai, Hajiya. Buɗe asusu daban na sana'ar, ki daina karɓar kuɗin turaren wuta a asusun maigida.

An ba da satifiket?

An bayar. Ba ku tambayi wannan tun farko ba ne kawai don kunya.