Raba kuɗin gida da kuɗin kamfani

Raba kuɗin gida da kuɗin kamfani ƙa'ida ce ta lissafin kasuwanci da ke hana mai sana'a haɗa aljihunsa da asusun sana'arsa. A Nijar, tushenta yana cikin dokokin OHADA, ƙungiyar daidaita dokokin kasuwanci ta ƙasashen Afirka 17 da aka kafa da yarjejeniyar Port-Louis a 1993, da kuma dokar lampo da hukumar karɓar lampo ta ƙasa (DGI) ke aiwatarwa.

Doka ta bambanta ƴan kasuwa iri biyu. Wanda ya yi rajista da sunansa, kamar mai kanti a Babbar Kasuwar Yamai ko Katako, dukiyarsa da ta sana'arsa abu guda ne idan masu bin bashi suka zo. Amma a littafin lissafi dole a raba su: tsarin lissafi na OHADA, wato SYSCOHADA, wanda sabon fasalinsa ya fara aiki a 2018, ya keɓe asusu mai lamba 104 don rubuta duk abin da mai kanti ya ɗiba domin gidansa. Kamfani irin SARL (wanda alhakin masu shi bai wuce jarin da suka zuba ba) kuwa mutum ne mai zaman kansa a idon doka, ko da mutum ɗaya ya zuba jarin. Kuɗinsa ba na maigida ba ne har sai sun fito a matsayin albashi ko rabon riba.

A wajen lampo ne abin ya fi cizo. Ana karɓar kashi 30 cikin 100 na riba, kuma abin da aka kashe domin sana'a kaɗai ake cirewa kafin a lissafa ta. Ragon layya, kuɗin makarantar yara, gudummawar biki ko suna, duk ba sa ciki, ko da daga akwatin kanti aka biya su. Idan mai bincike ya tarar da sefa 1.000.000 na irin wannan hidima an rubuta su cikin kashe-kashen kamfani, zai mayar da su cikin riba: lampon 300.000 ke nan, ban da tara. Wahalar ita ce, ɗan kasuwar da dangi suka dogara a kansa ba ya iya ce wa mai neman taimako ya jira ƙarshen wata, sai ya miƙa hannu cikin cinikin ranar, kuma da wuya a rubuta.

Manajan da ya ci dukiyar kamfani da gangan don amfanin kansa ya aikata laifi a ƙarƙashin sashe na 891 na dokar kamfanoni ta OHADA. Takardun lissafi da rasit kuma, wajibi ne a adana su shekara 10.